Daga Bakin Allo: Malam Maman Barka da Gadon da Ya Kusa Nutsewa a Tafkin Cadi

Yau zan ɗan kauce wa zancen kuɗin makaranta da tsadar littattafai da muka saba yi, in ɗauko wata magana wadda na san wasu iyaye za su ɗaure fuska tun ba su gama layin farko ba. Maganar kiɗa ce da koyar da shi, da labarin wani malamin makaranta na ƙasar Nijar wanda ya haɗa alli da tsirkiya, bai kuwa zubar da girmansa ba. Ina roƙon a daure a karanta har ƙarshe, in ya so sai a yanke hukunci.

Goge biyu, rabo daban

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Babu Bahaushen da bai san goge ba, ko da a nan Gider aka yanke masa cibiya, bai taɓa taka Kano ko Katsina ba. Ɓarin ƙwarya ne da aka rufe da fatar guza, da sanda, da tsirkiya guda ta gashin wutsiyar doki, sai izgar da ake goga ta bayan an shafa mata ƙaro. Maƙwabtanmu Fulani suna ce masa gegeru, Dagomba na ƙasar Gana suna ce masa gonje, Yarbawa kuma goje. Turawa ma suna da nasu, wanda Faransawa ke kira biyolon. Shi na katako ne, tsirkiyarsa huɗu, ana tokare shi a ƙarƙashin haɓa, amma izgarsa ita ma gashin doki ce, kuma ita ma sai an shafa mata ƙaro take kamawa. Wannan kamanni ne ya sa in mai gogenmu ya shiga gidan rediyo za ka ji mai gabatarwa ya kira shi da Faransanci mai biyolon na gargajiya.

To, amma dubi inda kowannensu ya kwana. Gogen Turawa ya sami siffar da aka san shi da ita yau a arewacin Italiya tun ƙarni na 16, a hannun masassaƙa irin su gidan Amati na garin Kiremona, sannan Antonio Stradivari wanda ya rasu a 1737. Daga nan ya bazu har ya game duniya. Larabawa sun karɓe shi suna ce masa kamanja, kuma duk mai sauraron waƙoƙin Sudan, waɗanda muke so ƙwarai a nan arewa, ya san kukansa. Namu kuwa kullum baya yake yi. In aka tambayi matashi a unguwa ya ambaci mai goge ɗaya da ya gani da idonsa, sai ya yi ta susar ƙeya.

Kada mai karatu ya ce ai na Bature ya fi daɗi ne. Daɗi a kunnen mai ji yake, wanda kuma ya taɓa jin gogen Garba Liyo ko kukumar Ibrahim Na Habu ya san ba a bar mu a baya ba. Abin da ya raba su shi ne, Turawa sun yi wa nasu rubutu, sun yi masa makaranta, sun mai da koyar da shi sana'a mai albashi. Gwani in ya mutu a can, ya bar takardu da ɗalibai aji-aji. Gwani in ya mutu a nan, in ya yi sa'a ya bar ɗa guda da ya ɗan kama hannunsa, in bai yi sa'a ba a rataye gogen a bango har gara ta cinye.

Akwai mutum biyu da suka nuna haka a fili. Na farko Yehudi Menuhin, wanda aka haifa a birnin Niyok na Amurka a 1916, ya fara kaɗa biyolon a gaban manyan taro tun yana yaro ƙarami. Da sunansa ya kai ko'ina, sai ya buɗe makaranta a Ingila a 1963 don yara masu baiwar kiɗa, inda suke haɗa karatun boko da koyon sana'ar. Ya shugabanci majalisar kiɗa ta duniya da ke ƙarƙashin inuwar UNESCO, kuma a zamaninsa ne, a 1975, aka tsai da ran 1 ga Oktoba ta zama ranar kiɗa ta duniya. Bai raina kiɗan wasu ba, don ya zauna da Ravi Shankar na Indiya sun yi faifai tare. Ya rasu a 1999, makarantarsa kuwa tana nan tana yaye ɗalibai.

Na biyu Shinichi Suzuki, mutumin Japan, ɗan mai masana'antar biyolon, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1998. Shi abin da ya lura da shi kowace uwa ta san shi: yaro yana koyon harshen gidansu ba da allo ba, da ji ne da maimaitawa da yabon iyaye. Sai ya ce a koyar da kiɗa haka nan, a ba yaro ɗan ƙaramin biyolon daidai hannunsa tun yana shekara 3 ko 4, ya fara da kunne, karatun alamomin kiɗa ya biyo baya. In ka duba da kyau, ai hanyar gidan makaɗanmu ke nan tun kaka da kakanni. Bambancin kawai shi ne Suzuki ya buɗe ƙofar ga ɗan kowa, mu kuwa mun kulle ta a kan 'yan gado.

Malamin da ya koma ɗalibi

Ba sai mun je Ingila ko Japan neman misali ba. Ga shi nan kusa da mu, a maƙwabciyarmu Nijar.

An haifi Malam Maman Barka a Tasker, cikin jihar Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950. Ɗan ƙabilar Tubawa ne, makiyayan raƙuma na bakin Sahara. Ya yi karatun boko ya fito malamin makaranta, kuma wannan suna na Malam ya bi shi har kabari. Abin kiɗansa na farko gurmi ne mai tsirkiya biyu, irin wanda marigayi Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da shi. A wajen Tubawa, kamar a wajenmu, waƙa a bainar jama'a aikin wani rukuni ne na daban, ba a son ɗan kowa ya shiga. Saboda haka mutumin da ya yi boko, yana tsayawa gaban aji, a ce ya fito fili ya rataya gurmi, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Ya yi waƙa da harshensa, ya yi da Barbarci, amma waƙoƙinsa na Hausa su ne suka kai sunansa birni da ƙauye a Nijar, suka tsallaka Nijeriya a kaset-kaset.

Ya kamata a san irin ƙasar da wannan iri ya faɗa a kanta. A 1987 hukumomin Nijar suka kafa gasar mawaƙa ta ƙasa, suka sa mata sunan Ɗan Gurmu, wani mai goge na Tawa da aka sani da waƙoƙin kishin ƙasa. Mai karatu ya lura: sunan mai goge aka ɗora wa babbar kyautar ƙasa. A 1989 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa da bunƙasa shi a birnin Yamai, mai sunan Alhaji Taya, inda ake horar da makaɗa, ake kuma tara kayan kiɗan ƙabilun ƙasar don kada su ɓace. Malam Maman Barka ya yi aiki a wannan cibiya. Wato dai bai bar malanta ba, darasin ne ya sauya.

Abin da ya fi ɗaukaka shi a idona ya faru ne a 2002. Akwai wata al'umma a tsibiran Tafkin Cadi da ake kira Buduma, su kuwa suna kiran kansu Yedina. Masunta ne kuma makiyaya, masu shanun kuri ɗin nan masu kumburarrun ƙahoni, kuma 'yan uwanmu da ke fataucin kifi ta Kusiri da Bilanguwa da Darak sun san su sarai. Suna da wani abin kiɗa da ake kira biram, mai tsirkiya biyar, gangar jikinsa kamar kwalekwale. A al'adarsu abu ne mai alfarma, ba kowa ke taɓa shi ba, waƙoƙinsa kuma na tafki ne da kakanni da jarumtaka. Da zamani ya juya, matasa suka daina koyo, har aka wayi gari gwanin da aka sani ya rage mutum ɗaya tak, wani tsoho mai suna Bukar Tar.

Ba abin mamaki ba ne. Tafkin da faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Inda ruwa ya ja baya mutane sukan watse, inda mutane suka watse kuwa hira da dandali su ne farkon abin da ke mutuwa.

A wannan shekara ta 2002 Malam Maman Barka ya sami tallafin UNESCO, ya ɗauki jakarsa ya nufi tafki ya nemi tsohon nan. A lokacin yana da shekara arba'in da 'yan kai, ya riga ya yi suna, ana jin muryarsa a rediyo. Duk da haka ya zauna a gaban tsohon, ya zama ɗalibinsa, ya koyi kiɗan da waƙoƙin cikin harshen Buduma wanda ba nasa ba. Tsohon ya yarda da shi, har ya danƙa masa biram ɗinsa, ya ɗora masa amanar ya kai shi duniya ta ji. Bayan haka ba a daɗe ba Bukar Tar ya riga mu gidan gaskiya.

Malam ya cika alkawari. Shi da abokin tafiyarsa Umaru Adamu, makaɗin kalangu da duma da ƙwarya, sun kai biram ƙasashen Turai. A 2008 sun hau dandalin babban bikin kaɗe-kaɗen duniya na WOMAD a Ingila, a 2009 kuma wani kamfanin faifai na can ya fitar da faifansu. Abin da ya rage a hannun tsoho guda a bakin tafki sai ga shi ana sauraronsa a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Buduma ba. Allah ya yi wa Malam Maman Barka rasuwa a Yamai ran 21 ga Nuwamba 2018. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

A yi lissafi: da ya ce bari sai ya yi ritaya tukuna, da tsohon ya tafi da abinsa. Bayan wasu shekaru kuma rikicin Boko Haram ya mamaye yankin, aka tashi mutanen tsibirai da yawa daga garuruwansu, tafiyar da ya yi cikin kwanciyar hankali ta zama ta sai da rai. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Sai dai akwai darasi na biyu mai ɗaci a labarin. Gadon da ya fita daga wuyan mutum ɗaya ya koma wuyan mutum ɗaya bai tsira ba tukuna, jinkiri kawai ya samu. Faifai yana ajiye sauti, amma ba ya kama yatsan yaro ya gyara masa. Abin da ke tsirar da sana'a shi ne a sami ɗalibai da yawa suna koyonta a lokaci guda, ta yadda in wani ya mutu, wani ya yi ƙaura, wani ya watsar, za a sami wanda ya riƙe. Wurin da ake tara yara da yawa a gaban mai koyarwa ɗaya kuwa sunansa makaranta.

Mu fa, ina muka kwana?

Mu dawo gida Kamaru. Ƙasar nan ba baƙuwar wannan zance ba ce. Taken ƙasa da yaranmu ke rerawa in za a ɗaga tuta, ɗaliban makarantar horon malamai ta Fulasi, can kudu kusa da Sangmelima, su ne suka tsara shi a 1928. Malaman makaranta ke nan tun ba su karɓi aji ba. Francis Bebey, ɗan Duwala, ya yi shekaru yana aiki a UNESCO, ya wallafa littafi a kan kiɗan Afirka a 1969, ya kuma ɗauki sarewar mutanen kurmi ya shigar da ita kiɗan zamani kafin rasuwarsa a 2001. A nan arewa marigayi Ali Baba ɗan Garwa ya kai kiɗa da rawar yankinmu manyan dandali kafin ya rasu a 2004. Fadojin lamidai har yanzu suna da algaita da kakaki, maƙwabtanmu Gidar kuma suna riƙe da rawarsu ta guma.

Doka ma tana bayanmu. Dokar da ta tsara manufar ilimi a ƙasar nan, ta ran 14 ga Afrilu 1998, ta ce a tarbiyyantar da ɗan ƙasa mai saiwa a cikin al'adarsa, mai buɗaɗɗen ido ga duniya, ta kuma ambaci ɗaukaka harsunan ƙasa. Manhajar firamare ta 2018 ta ware wuri ga harsuna da al'adun ƙasa da kuma fasaha. A takarda dai ba a rage komai ba.

A cikin aji fa? Mu da muka fito daga makarantar horon malamai an ɗan gutsura mana alamomin kiɗan Turawa, an koya mana 'yan waƙoƙin Faransanci na yara, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa kawo mana mai goge ko mai garaya ya ce ga yadda ake ɗaure tsirkiya. In muka karɓi aji kuma, da zarar jarrabawar satifiket da ta shiga lise sun ƙarato, lokacin waƙa shi ne na farko da lissafi da shifta ke cinyewa. Malamin da ke fama da yaran da suka yi wa benci yawa, ba wanda zai ga laifinsa. Amma sakamakon shi ne yaro ya gama aji shida yana iya rera waƙar dusar ƙanƙara da bai taɓa gani ba, bai san sunan ko ɗaya daga sassan gurmi ba.

Mu Hausawan ƙasar nan abin ya fi shafarmu, don mu 'yan tsiraru ne. Ɗanka a titi da kasuwa Fulatanci yake yi, a lekol Faransanci, Hausa sai in ya shigo gida, ita ma rabi da rabi. Ba laifi ba ne ya iya harsunan maƙwabta, arziki ne. Amma harshen da aka bar wa aike da faɗa kaɗai ba ya daɗewa a bakin yaro. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai dogon wasali da gajere, shi ya sa kalangu ke iya magana a gane. Yaron da ya tashi da waƙar Hausa a kunnensa yakan kama wannan karin ba tare da an dafa masa ba, ya kuma kwashi kalmomi da karin magana waɗanda ba zai ji su a wajen sayen gishiri ba. Duk malamin da ya daɗe a aji ya san abin da aka rera ya fi abin da aka karanta zama a ka.

Abin da iyaye ke faɗi

Na san amsar da ke bakin mai karatu, don na sha jin ta a taron iyayen yara. Ta farko ta addini ce. A nan ba ni da ta cewa, fatawa ta malamai ce. Da yawa daga cikinsu suna ƙyamar kayan tsirkiya, wasu kuma sun sassauta in babu batsa da shagala daga ibada. Uban da ya hana ɗansa saboda abin da malaminsa ya karantar da shi, a girmama shi, kada a tilasta wa yaron. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya: yawancin ƙin da muke yi ba daga nan ya taso ba. Mutum ne zai aurar da 'yarsa ya kira makaɗa, ya fito fili ya yi liƙi ana kirarin kakansa, wayarsa cike da waƙoƙi, amma in aka ce ɗansa ya taɓa gurmi sai ya ce gidansu ba maroƙa. Wannan ba tsoron Allah ba ne, raina sana'ar wani ne, alhali ana cin moriyarta.

Ta biyu, ana cewa goge kayan bori ne da mashaya. Gaskiya ne a can ya fi zama, a can kuma ya samo baƙin jininsa. To, amma wa ya tura shi can? Abin da aka kora daga zaure da makaranta, ai duk inda ya sami masauki nan zai kwana. Ƙwarya da gashin doki ba su san bori ba. Da irin wannan gogen ne Ɗan Gurmu ya yi wa ƙasarsa waƙa har ta sa sunansa a kan kyauta.

Ta uku, ana haɗa kiɗa da roƙo kamar abu ɗaya ne. Roƙo hanyar samun abinci ce, kiɗa kuwa ilimi ne mai ƙa'ida, ana iya koyonsa a tsaya nan. Yaron da aka koya wa ƙwallo a lekol ba dole ya zama ɗan ƙwallo ba. Su kansu makaɗan gargajiyar, masana sun daɗe da sanin darajarsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta a 1988, Jami'ar Jos ma ta yi wa Ɗan Maraya haka, shi da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya.

Ta huɗu ita ce babu kuɗi. A Kinshasa, a 1994, wani tsohon matuƙin jirgin sama mai suna Armand Diangienda ya tara mutanen gari, akasarinsu ba su taɓa koyon kiɗa ba, ya kafa ƙungiyar kiɗan Turawa irin mai kayan kiɗa iri-iri. Biyolon ɗin da suke da su ba su ishe su ba, sai karɓa-karɓa, in tsirkiya ta tsinke su ɗaura wayar birkin keke. Yau an san su a duniya. Su da suke fama da kayan da sai an yi odarsu daga Turai ke nan. Mu kuwa ƙwarya tana rataye a dangarmu, doki yana ɗaure a ƙofar fada, ƙaro yana jikin itace. In fatar guza ta yi wuya, ta ɗan akuya za ta tsaya wa mai koyo.

Abin yi

Ba na kiran a gina mana katafariyar makarantar kiɗa a Gider gobe da safe. Abin da nake nema yana cikin ikonmu.

'Yan uwana malamai, mu kare ɗan lokacin nan da jadawali ya ba fasaha da al'adun ƙasa, ko da sau ɗaya ne a mako. Da izinin direkta da ƙungiyar iyayen yara, a gayyato tsohon makaɗi na gari ya shigo aji. A shimfiɗa masa kujera a gaban allo, a kira shi malam, a ba shi ladan koyarwa a cikin ambulan kamar kowane baƙon malami, kada a yi masa liƙi. Ya kwance abin kiɗansa ya ɗaure a gaban yara, su rubuta sunan kowane sashe, su zana shi, su tambaye shi wa ya koya masa. Wannan makon Bahaushe mai gurmi, mako mai zuwa Bafulatani mai molo, na gaba mai sarewar Gidar. Yara za su san juna ta hanyar da darasin zaman tare na cikin littafi ba zai iya ba. A zaɓi waƙoƙi masu tsabta, na noma da sana'a da tarihi, suna nan da yawa.

Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinmu na Garwa, Marwa, Ngaundere, Yawunde da Duwala, ku sa matasa su bi unguwa-unguwa su rubuta sunayen makaɗan da suka rage, da abin da kowa ke kaɗawa. Abin da Malam Maman Barka ya nemi tallafin UNESCO kafin ya yi, yau rabinsa wayar hannu za ta yi shi. A ɗauki sauti da hoto da yardar mai shi, a rubuta kalmomin waƙar, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Jami'ar Marwa tana nan tun 2008, ta Garwa kuma an kafa ta a 2022 har da sashen koyar da fasaha. Ɗalibanmu da ke can suna neman abin da za su yi bincike a kansa, ga shi a ƙofar gidansu.

Iyaye kuma, in kun ga yaro yana ƙwanƙwasa gwangwani yana fitar da kari, ko ya ɗaure waya a jikin gora yana neman sauti, kada a fara da bulala. A sa masa ido, a tsare masa karatunsa na allo da na boko, a bar masa wannan a gefe. Malam Maman Barka bai fasa zama malami ba don ya iya gurmi, kuma da bai yi karatu ba da wuya ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a sami tallafin zuwa tafki.

Kowane gari a yankin nan yana da nasa Bukar Tar, wani tsoho a lungu da ya san abin da ba wanda ya sani, yana jiran mai tambaya. Ina roƙon masu karatu, duk wanda ya san mai goge, ko kukuma, ko gurmi, ko garaya da ya rage a garinsu, ya rubuto wa wannan fili ta hannun edita, ya gaya mana garin da abin da yake kaɗawa da ko yana da mai koyo a hannunsa. In wasiƙu sun taru za mu kawo bayaninsu a nan.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.